Yatsa Uku da Gwaggo Ke Bari a Cikin Riga

Kafin famfon tsakar gidanmu ya gama tarin da yake yi kowace safiya ya kawo ruwa, Gwaggo ta riga ta buɗe ƙofarta. Ɗakinta shi ne na ƙarƙashin matakala, wanda dogon mutum ba ya shiga sai ya sunkuya. Takan yaye tsohon zanen da take lulluɓe keken ɗinki da shi, ta ɗiga masa mai, ta taka shi a hankali ta ji ko ya kwana lafiya. Sai ta jawo kujera bakin ƙofa ta zauna, tef a wuya, guntun alli a soke a ɗankwali. Duk yaron da zai fita daga gidan nan ta gabanta zai bi, kuma ba ya wucewa salin-alin.

"Kai, zo nan. Miƙa hannu." Ta ja hannun rigar ta ga inda ya tsaya, ta duƙa ta dubi ƙafar wando. "Jiya-jiya fa na sake maka wandon nan. Me uwarka take ba ka ne? Je ka, in an wanke ka ce ta aiko min."

Haka take tun ina goyon tagwayena, ga shi yanzu jika nake riƙo. A watan nan ne Gwaggo ta lulluɓe keken nan lulluɓin ƙarshe. Likita ya ce idon da aka yi wa aiki ba zai ƙara jure aikin ɗinki ba, ɗayan kuma yana bin sawunsa. Babu wanda ya tara mutane, babu wanda ya tashi ya ce mata sannu da aiki. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma gara in faɗa tun daga farko: a fusace nake wannan rubutu. Na so in yi jinjina mai sanyi irin wadda ake yi wa tsofaffi, amma duk lokacin da na tuna abin da aka yi wa matar nan a bana sai raina ya sake ɓaci. Wadda ta ji na taka ta, ta san inda ɗakina yake, a sama ne, na ƙarshe ta hannun dama.

Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu sai Dogo, ɗan ƙanenta da ta riƙa tun yana ƙarami ta koya masa ɗinki, daga bakinsa gidan ya ɗauki sunan. Gidan haya ne, ɗakuna sama da ƙasa, famfo ɗaya, da igiyar shanya da ba a rasa faɗa a kanta. Akwai mai kanti da iyalinsa a manyan ɗakuna, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai direba, akwai mai wanki da 'yarta a ɗan ɗakin bayan gida. Mutane ne da in ba haya ba babu abin da zai haɗa su. Abin da ya haɗa mu shi ne akwatin ƙarfen Gwaggo.

Idan iskar safe ta fara canzawa, tun kafin mu lura, Gwaggo za ta aika wa kowace uwa cewa gobe ranar akwati ce. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowace mace ta sauko da duk abin da ya yi wa ɗanta kaɗan, a wanke a goge. A jera yara a jikin bango daga ƙarami zuwa babba. Nan Gwaggo ke tsara wa kowane yaro abin da zai sa har sanyi ya wuce, haka kuma take yi in zafi ya gabato. Ba ta taɓa tambayar wane launi uwa take so ba, tambayoyinta daban ne. Wannan ya fara rarrafe? To a ninka gwiwar wandonsa. Wannan ana koya masa zagawa da kansa? Roba za a sa masa a ƙugu, maɓalli zai sa ya jiƙa kansa kafin ya kwance. Wannan mai yar da hula ce, sai a ɗinke hular a wuyan rigar sanyi, in ta isa ta yar da rigar gaba ɗaya. Wannan mai tara duwatsu ne, a zurfafa masa aljihu. Kuma kowane yaro sai ya samu na jiki, da na kan igiya, da na ajiya, domin a lokacin sanyi wanki ba ya bushewa da wuri. Abin da akwati ya rasa ta ɗinka sabo. Mai hali ta kawo yadi, wadda ba ta da shi babu mai tambayarta.

Ni kaina na sha faɗanta. Na taɓa kai mata yadi na ce a yi wa tagwayena iri ɗaya sak, har maɓalli. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke so kike ki tufatar da 'ya'ya, ko so kike a riƙa tsayar da ku a hanya?" Ta ɗinka dai, amma aljihun ɗaya ta sa shi a hagu. Na mayar mata a zatona kuskure ne. Ta ce in je in miƙa wa yarinyar cokali in ga hannun da za ta karɓa da shi. Bahaguwa ce har yau.

Duk rigar da ta fito daga ƙarƙashin kekenta, in ka juya cikinta za ka ga ta bar yadi mai faɗin yatsa uku a ninke, a kowane gefe, a bakin hannu, a ƙafar wando. Ba ta datsewa. In an yi ƙorafi sai ta ce, "Girma zai yi, ba zai jira ni ba." Yaro ya ƙara, ta farke ta saki yatsa ɗaya. Ya sake ƙarawa, ta saki na biyu. In lokacin ya wuce, duk abin da zai kwanta a akwati sai ta mayar da ninkinsa yadda yake da farko, ya koma ƙaraminsa, ya jira wanda za a sake wa na gaba. A cikin wannan ninkin take yi wa kowane yaro ɗan ƙulli da zare mai launinsa. Akwai wata rigar sanyi shuɗiya da ƙulle-ƙullen cikinta suka yi layi kamar tururuwa, har da na yaran da yanzu suke da gemu.

Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta taɓa lanƙwasa ta don kowa ba: sabuwar riga ba ta wadda ta kawo yadi ba ce, ta yaron da ta yi wa daidai ce. Sau da yawa ɗan mai kanti ya tafi makaranta da rigar da ta bi ta jikin wasu, 'yar mai wanki kuma ta fita da sabuwa fil. Mun daɗe muna cewa taurin kan tsufa ne. Sai da ma'aikaciyar jinya ta kawo mana abin da malamar yara ta gaya mata, wai a duk ajinta, yaran gidanmu ne kaɗai ba ta iya gane wanda ubansa ke da shi da wanda ba shi da shi.

Ke ce kika yi wannan, Gwaggo. Ba ki taɓa kiransa taimako ba, ba ki taɓa sa wata uwa ta sunkuyar da kai ta ce na gode ba. Lokacin da mai wanki ta shigo gidan nan bayan rasuwar mijinta, da ƙullin kaya ɗaya da jaririya a baya, ke ce kika aika mata ta sauko da abin da ya yi wa 'yarta kaɗan. Ta zo tana jin kunya da 'yar riga ɗaya da ta koɗe. Kika karɓa da hannu biyu kika ce, "Yauwa, irin wannan nake nema, jaririn direba ba shi da ta kwana." Ta shiga akwati a mai bayarwa kamar kowa. Ita da bakinta ta ba ni labarin, tana wanki tana share ido da bayan hannu.

'Yar tata ita ce Tsuntsuwa, mai siraran ƙafafu da rashin zama wuri ɗaya. Tana da ciwon ƙirji, in sanyi ya shige ta sai numfashinta ya riƙa fito, ka ji daga tsakar gida. Ajinsu ɗaya da ɗan mai kanti, wanda muke kira Manaja don yadda yake hakimcewa a kujerar ubansa, kuma tare suke tafiya makaranta. Rigar sanyi mai kauri da Manaja ya sa bara, Gwaggo ta riga ta ce ta Tsuntsuwa ce bana.

Sai ido ya matsa mata, aka yi mata aiki, daga asibiti ta wuce gidan ƙanenta jinya. Ni kuma ina wurin 'yata da ta sake haihuwa. A wannan tsakanin ne matar mai kanti ta samu Dogo a shagonsa na bakin titi. Ya sayi sabon keke mai wuƙa, irin wanda ke datse gefen yadi yana ɗaure shi da zare a lokaci guda, cikin riga ya fito sumul. Ƙorafinta shi ne ta kai Manaja asibiti an cire masa riga a gaban mutane, ciki duk ninki da ƙulle-ƙulle, ta ji kamar ta nutse. "Kai da ka san zamani, ka gyara wa Gwaggo kayan nan mana kafin ta dawo. Ka ba ta mamaki." Wasu mata suka mara mata baya. Dogo ya san da ninkin, a cikin irin rigunan nan ya girma. Amma ya daɗe yana ɗinka wa manya waɗanda suka gama girma, hannunsa ya saba da datsewa, ga sabon keke, ga mata suna zuga shi. Ya ɗauki akwati ya kai shago, shi a ransa kyauta yake shirya wa matar da ta raine shi.

Ranar akwati ta bana ina nan, da idona na gani. Gwaggo ta fito da baƙin tabarau tana dafa bango. Yara a jere, Dogo a tsaye yana murmushi, hannu a baya. Ta ciro rigar sanyin nan mai kauri, ta juya cikinta yadda ta saba, yatsunta suka bi gefe suna neman ninki. Suka bi har ƙasa. Ta ajiye ta ciro wando, ta ciro wata riga, ta ciro wata.

"Dogo."

"Na'am, Gwaggo."

"Duka?"

"Duka, Gwaggo, har na jarirai. Ki ji yadda ya yi sumul."

Matar mai kanti ta ce, "Ai wallahi ya yi ƙoƙari. Yanzu ko a ina aka cire wa yaro riga ba kunya."

Gwaggo ta sake ɗaukar rigar sanyin nan mai kauri. Ta kira Tsuntsuwa ta zura mata rigar. Hannun ya tsaya tun kafin wuyan hannu, gaban kuma ya ƙi haɗuwa, ƙirjin a buɗe. Yarinyar ta tsaya tana jan gefe biyu da iya ƙarfinta, ta ce, "Gwaggo, ki sake min mana, yadda kike yi." Sai a lokacin murmushin Dogo ya ɗauke. Ya dubi rigar, ya dubi akwatin, ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai.

Dogo ya tafka wauta, amma ba shi ne ya fi ƙona min rai ba. Abin da ba zan yafe ba shi ne abin da ya biyo baya. Matar mai kanti ta gyara mayafi ta ce, "To ai ba abin tashin hankali ba ne, kasuwa cike take da kayan yara. Dama ni na gaji da sa wa ɗana kwancen mutane." Ta kwashe yadin da ta kawo, ta ja hannun Manaja ta haye sama. Matan da suka mara mata baya suka tattara nasu suka bi ta, ba wadda ta waiwaya. Suka bar tsohuwa da ɗanyen ido, da akwatin da suka sa aka lalata, da yaran da iyayensu ba su da hanyar kasuwa. Ku kuka zuga aka yanke, ku kuma kuka fara gudu! Na tsaya a gindin matakala na wanke su tas, na tuna wa matar mai kanti shekarar da kantin nasu ya kusa rufewa, daga wane akwati babbar 'yarta ta ci sanyi.

"Uwar tagwaye, ya isa," in ji Gwaggo. "Yara na ji."

"Su ji, Gwaggo!"

"Bakin nan naki ya fi almakashina kaifi. Zo ki ninke min kayan nan, ba na gani."

Sanyi bai jira kowa ba. Jarirai da masu rarrafe sun samu abin da ya shige su, 'yan makaranta ne suka tashi a tutar babu. Mai wanki ta riƙa jibga wa Tsuntsuwa rigunan zafi ɗaya kan ɗaya, ta ɗora mata wadda ba ta rufuwa, ta kama gaban da fil. Manaja kuwa ya fito da sabuwa ta kasuwa mai zif da hoton mota. A bakin ƙofar gida, a gaban Gwaggo, ya ce wa ƙawarsa, "Mamana ta ce kayan akwati na marasa hali ne." Yaro ne, abin da ya ji ya faɗa. Amma maganar da Gwaggo ta yi shekara da shekaru tana tarewa a ƙofar nan, ranar ta shigo gidanmu. Tsuntsuwa ta koma ɗaki ta cusa rigar ƙarƙashin katifa. Washegari ta fita babu ita, ta dawo da tari. Daga nan uwarta ta daina tura ta makaranta, sai dai ka ji fiton numfashinta daga bayan gida.

Gwaggo ta aika aka kira Dogo, wanda tun ranar ya kasa haɗa ido da ita.

"Ina abin da ka yanke?"

"Na zuba a buhu, Gwaggo. Na ba mai ɗinka matashin kai."

"Je ka karɓo."

"Wataƙila ya riga ya cusa."

"To ka farke matashin."

Ya dawo da buhun, an ɗebi wasu amma mafi yawa na nan. Muka zazzage a ɗakin ƙarƙashin matakala, dogayen ƙyallaye sirara, ga ƙulle-ƙullen zare a jikinsu. Na tsinci na tagwayena a ciki, sai da na juya baya. Ni da mai wanki da ma'aikaciyar jinya muka zauna tsinta, mu da ido, Gwaggo da hannu. A miƙa mata ƙyalle ta murza ta ce, "Wannan na wandon toka ne mai faci a gwiwa." Dogo ya riƙa rufe shagonsa da rana ya zo ya duƙufa, ya farke gefe ya sa ƙyalle a tsakani ya faɗaɗa, ya ƙara a bakin hannu ya tsawaita. Ya so ya kawo sabon kekensa don a yi sauri, ta ce, "Keke mai wuƙa ba ya shiga ɗakina. Ga nawa nan, taka." Tunda babu sauran ninkin da za a ɓoye su, ƙulle-ƙullen suka dawo waje, a jere a gefen riga. Ba duka aka ceto ba. Ƙyallen rigar nan shuɗiya yana cikin matashin wani, yana ɗora kai a kansa bai sani ba.

Rigar Tsuntsuwa ce kaɗai ta hana kowa taɓawa. Likita ya gargaɗe ta kada ta kusanci allurar ɗinki sai ido ya warke, ma'aikaciyar jinya ta tuna mata, ni na yi faɗa har na gaji. Gwaggo ta ce wuyan rigar sai an ɗaga shi ya rufe maƙogwaro ba tare da ya shaƙe ba, aikin hannu ne, kuma hannun Dogo ya yi girma. Ta fito bakin ƙofa inda haske yake, ta cire baƙin tabarau, ina zura mata zare tana ɗinki, idon na zubar da ruwa tana sharewa da kafaɗa. Da ta koma asibiti likita ya duba, sannan ya faɗi abin da na gaya muku a farko. Ban ce rigar ce kaɗai ta jawo ba, ni ba likita ba ce. Amma na san da ba a yanke ba, da aikin rigar nan bai wuce farke zare ba, kuma ko ni zan iya.

Da aka gama na ɗauka zan kai bayan gida, ta riƙe min hannu. "Tsaya. In ita kaɗai ta sa, gobe ma ƙarƙashin katifa za ta koma. Jikarki fa? Na ji ubanta ya aiko mata da ta kasuwa." Na ce ya aiko, mai kyau ma. Ta ce, "Ajiye ta." Haka ta bi ɗaki-ɗaki tana dafa bango, wurin duk uwar da ba ta bar akwati ba. Da safe Tsuntsuwa ta leƙo daga bayan gida, sai ta ga jikata da 'yan mazan ma'aikaciyar jinya da ɗan direba a bakin ƙofa, kowa da riga mai ratsi a gefe, suna gardamar wa ya fi yawan ƙulli. Ta koma ciki da gudu, ta fito da tata, ta ɓalla maɓalli har wuya. Gwaggo ta ce, "Zo nan. Miƙa hannu." Ta miƙa, hannun rigar ya sauka daidai. Tun ranar ba ta yi fashin makaranta ba, tarin kuma ya yi sauƙi. Sai dai ba ta tafiya da Manaja. Shi yana gaba shi kaɗai da hoton motarsa, in sun haɗu a ƙofa kuma sai ta sunkuyar da kai ta dafe gefen rigarta.

Akwai ragowar yadi mai kyau da na kawo don jikata. Gwaggo ta sa Dogo ya yanka, tana faɗa masa awo daga ka, ya ɗinka rigar sanyi, ya yi mata ratsi irin na sauran. Na tambaya ta wa ce. Ta ce ta Manaja. Na ce wallahi ba da yadina ba.

"Yadinki? Tun yaushe?"

Na cika na batse. Na ce uwarsa ce fa ta jawo duk wannan.

"Shi ya yanke? Shi ya je kasuwa? Yaro ne. Kuma zif ɗin nan ba zai kai ƙarshen sanyi ba, na ji ƙararsa."

Ta lalubi ƙusa a jikin ƙofarta ta rataye rigar ta waje, inda duk mai hawa matakala zai gani. Ita ce ta ƙarshe da aka ɗinka a kan kekenta.

Na gode, Gwaggo mai yatsa uku. Na gode a madadin tagwayena, da masu gemun da suka manta daga ina rigunansu suka fito, da Tsuntsuwa da yanzu take numfashi ba fito. Ke ce kika rufa wa iyaye asiri shekara da shekaru, su kansu ba su san an rufa ba sai da aka yaye. Allah ya saka miki, ya bar miki hasken da ya rage. Ni ban iya haƙurinki ba, kuma ba na jin zan koya a waɗannan shekarun nawa.

Akwatin yanzu yana hannun Dogo da mai wanki, Gwaggo na kujerarta tana ba da umarni, amma rabinsa wofi ne. Zafi na tafe, za a sake kiran ranar akwati. Teloli masu ɗinka wa yara, kafin ku sa wuƙa ku tuna mai rigar bai gama girma ba. Iyaye mata, a gidanmu da duk gida irin namu, abin da ya yi wa ɗanki kaɗan kada ki ƙulle shi a durowa har asu ya ci. Ki sauko da shi, kuma ki bar ɗanki ya sa na wani. Wannan na biyun ya fi wuya, amma in babu shi akwatin ya zama na sadaka, kuma yara sun san bambanci.

Ke kuma, matar mai kanti, na san za ki karanta wannan, ko a karanta miki har da ƙari. Jiya na ga Manaja a matakala. Zif ɗin ya mutu, an kama gaban da fil, wuyan hannunsa a waje ya yi furu-furu don sanyi. Ya tsaya a ƙofar Gwaggo ya ɗaga kai yana kallon ƙusa. Tsuntsuwa ta matso ta ce masa a hankali, "Taka ce." Sai ya ji takunki ya ruga. Har yanzu ina fushi da ke, kuma in kin sauko ban yi alkawarin zan yi shiru ba. Amma Gwaggo ba za ta ce miki komai ba, ko ganinki ma da ƙyar za ta yi. Rigar tana nan a ƙusa. Na juya cikinta da kaina na duba, yatsa uku ne a kowane gefe, da ƙulli ɗaya kore. In girman kai ya hana ki zuwa bana, baɗi ma za ta shige shi.